Jif ɗin da Aka Ba Ɗanlami

Har yau ban manta da safiyar da aka shigo da ƙaramar jif ɗin nan harabar ofishinmu na rigakafi a Birnin Gwari ba. Bayan ƙaramar sallah ne. Fara ce sol, ko ledar kujerunta ba a cire ba. A ƙa'idar aikinmu sabuwar mota ta babban direba ce, ni ne kuwa babban direba. Har na goge hannu a riga. Sai Hajiya Rabi, shugabar sashenmu, ta miƙa makulli ga Ɗanlami, ƙaramin direban da ni na koya wa tsallake rafi da damina. Ni aka bar ni da tsohuwar a-kori-kura.

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya ci ni. Na yi masa Allah ya sanya alheri, amma a fatar baki kawai.

Da jif ɗin ta fara nuna hali, har daɗi na ji. Ba ta jima tana bin hanyar Kazage ba ƙafar gaba ta soma ƙara, cikinta na gugar ƙasa, giya na fizga idan ta yi zafi. Man bakin hanya kuwa ba ta shan sa. Da an zuba sai wata fitila ta kama a gaban direba, motar ta ƙi gudu. Bakaniken garinmu ya ce shi ba ya taɓa motar da sai an jona mata kwamfuta. Kowane gyara sai Kaduna, ga kayan gyaran da ɗan karen tsada.

Ashe na yi saurin dariya. Duk sanda fitilar ta kama, Ɗanlami zai bi rakiyar jami'an tsaro zuwa Kaduna, ya kwana a masauki mai sanyi, ya dawo yana ƙamshin turare. Ni kuwa, da yake tawa ba ta kwanciya, duk fitar Dogon Dawa ta dawo kaina, hanyar da ko fitsari ba a tsayawa yi. Maiɗakina ba ta iya cin abinci sai ta ji ƙarar injina a ƙofar gida.

Da haƙurina ya ƙare na sami Hajiya a ofis, na tuna mata ƙa'ida, na ce ko ba komai na ga jiya na ga yau a wannan aiki.

Ta ce, "Malam Isiyaku, da gangan na hana ka. Jif ɗin ta zuwa taro ce. Ma'aikatana mata sun ce ba za su shiga dajin nan ba sai kai ne ke tuƙi, a motar da ka san ciwonta."

Na ce na gode. To, me zan ce?

Ku da kuke tasowa, ga abin da na koya: a aikin tuƙi, wanda aka yarda da shi ba sabuwar mota ake ba shi ba, muguwar hanya ake ba shi. Na ci gaba da bin daji har na yi ritaya. Ɗanlami kuwa, daga baya Kaduna aka mayar da shi tare da jif ɗin, wai don ta fi kusa da gareji.