Tuwon da na fara ci ban yi tayi ba

Ko ranar da zan bar aikin gidan kula da tsofaffin nan na unguwar Plumstead a London, akwai wata Juma'a ta watan Oktoba da ba za ta fita daga raina ba. Ni ba mai dogon karatu ba ne. A ɗakin wanki nake aiki, can ƙasan bene, ina wanke zannuwan gado ina gugewa, don haka yawancin tsofaffin sunansu kawai na sani a jikin kaya.

A watan ne ake tunawa da tarihin baƙar fata a ƙasar nan. Manajarmu, wata Baturiya mai fara'a, ta ce kowa ya kawo abincin garinsu da kiɗansu, a haɗu a babban falo tare da tsofaffin. Ni na so in biya wani shago a unguwar Woolwich in sayo dafa-duka in huta, domin tun da wani ya taɓa toshe hanci saboda warin daddawa nake cin abincina a ɓoye a bayan injin wanki. Matata ta ƙi.

"Baban yara, an ce abincin garinku. A garinku dafa-dukar shago kuke ci?"

Haka ta tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa miyar kuka da man shanu. A bas sai tura kular nake yi ƙarƙashin kujera kamar kayan sata.

Falo ya cika. Abokin aikina ɗan Jamaika ya kunna kiɗan garinsu, ga kajinsa masu yaji. Babbar nas ɗinmu, Bayarabiya, ta kawo dafa-duka, suna ta musu da 'yan Gana kan ta wa ta fi daɗi. Na ajiye kulata can ƙarshen tebur, a rufe. Wanda ya buɗa ya ga koriyar miya mai yauƙi sai ya yi murmushi ya mayar da murfi.

A gefen taga akwai wani tsoho ɗan Gana a keken guragu. Kowa ya san labarinsa: ya daina cin abinci, in aka kai masa cokali baki sai ya kau da kai. Ya rame har rigunansa da nake gugewa sun yi masa yawa. An riga an yi booking, Litinin za a kai shi asibiti a sa masa robar abinci ta hanci, 'yarsa kuma tana ta kuka a waya. Turanci kaɗai aka san shi da shi, shi ma ya rage yi.

Da yunwa ta kama ni, sai na ɗebi tuwona na koma lungu, kusa da shi, don a ganina wanda ba ya magana ba zai yi mini dariya ba. Na wanke hannu a roba, na yanki loma. Sai na ji muryar tsohon a gefena, da Hausar zangon Gana:

"Kai, yaro. Haka aka koya maka a gida? Mutum yana zaune, kana ci babu bismilla?"

Lomar ta tsaya mini a hannu. A gidanmu ko baƙon da ba ka sani ba ya wuce kana cin abinci sai ka yi masa tayi. Na zo London na ga kowa yana cin nasa a jirgin ƙasa na tube ba ya kallon na kusa, ni ma na koya, har na manta.

"Yi haƙuri, Baba. Bismilla."

"To kawo ruwa mana."

Na ruga wajen nas. Ta zo ta murza tuwon da yatsa, ta ga laushinsa, ta ce a gwada kaɗan kaɗan, tana tsaye. Ta miƙo cokali, tsohon ya harare ta ya ce mini, "Gaya mata ni ba jariri ba ne." Na riƙe masa roba ya wanke hannu, na jawo kujera, muka sa hannu a kwano ɗaya. Miya na zuba a rigarsa, amma loma ta farko ta wuce, ta biyu ta bi ta.

"Wa ya dafa?"

"Matata ce, Baba."

"Matarka ya iya tuwo. Amma barkono babu. Ku mutanen Najeriya tsoro ya yi muku yawa."

"Baba, ku da kuka ari tuwon a wajenmu?"

Ya yi dariya har da tari, nas ta dafa bayansa tana share hawayenta da gefen hannu. Kafin in ankara an kewaye mu. Ɗan Jamaikan nan ya wanke hannu ya tsuguna, manaja ma ta naɗe hannun riga, tsoho na koya mata yadda ake lotsa loma da babban yatsa. Kula ta ƙare tas.

Na nemo kiɗan kalangu a wayata aka haɗa da lasifika. Tsohon ya kife robar wanke hannu a cinyarsa yana bugawa, nas ta cire takalmi ta shiga fili, wata tsohuwar Baturiya ta kama hannuna muka taka. Ban iya rawa ba, amma na yi.

Litinin aka yi cancel ɗin asibiti. 'Yarsa ta zo har ɗakin wanki, na gaishe ta da Hausa, ta amsa da Turanci tana hawaye. Daga nan aka ba ni izinin hawowa sama lokacin abincin rana, ni da kulata, mu ci tare, har Allah ya karɓi abinsa bayan ya ƙara ganin azumi biyu.

Shekaru na yi ina ɓoye abincina a ƙasan bene, alhali a samana akwai wanda yake jiran a ce masa bismilla. Tun ranar, ko biskit zan ci a tashar bas, sai na juya na yi wa na kusa da ni tayi. Yawanci kallona kawai suke yi. Ba na fasawa.