Totuwa a Bakin Tanki

Wata rana, tsakanin hantsi da la'asar, Tabawa ta rasa ribar tumatir kwando talatin.

Abin da ta tsira da shi motarta ce kawai.

Tsohuwar akori-kura ce da marigayi mijinta ya bari. Da ita take ci da 'ya'ya biyar. Kasuwa ɗaya muke ci da Tabawa, na san hali: ko albasa za ta saya, sai mai albasa ya yi gumi.

Ƙanin mijinta, Sallau, shi ke ja mata motar. Watansa uku kacal da fara koyon kanikanci.

Sun baro Danja da kaya, mota ta fara shaƙewa. Ta yi tari, ta mutu.

Aka jira kaɗan, ta tashi. Aka ɗan taɓa tafiya, ta sake mutuwa.

Ga fetur rabin tanki, amma ba ya isa inji.

Sallau ya ce a kira ogansa na gareji. Oga ya ce dubu goma kafin ya hau babur. Tabawa ta taya dubu uku, ya kashe waya.

Ta ce, "Kai fa me kake koya? Buɗe ta."

Ya buɗe. Ya cire matatar mai ya hura. Ya zuƙi tiyo da baki har fetur ya ƙona masa harshe. Ya kwance kafireta a kan tabarma, yana addu'ar kada ya manta inda kowane noti yake.

Ya mayar. Ta tashi. Ta mutu.

Rana ta take. Ruwan tumatir ya fara ɗiga ta ƙasan bodi, ɗis, ɗis, a kan kwalta. Tabawa na kallo. Masu lodin tumatir zuwa Kudu kuma ba sa jiran kowa.

Da dabara ta ƙare masa, Sallau ya zagaya don ya zura kara ya auna man. A bakin tankin sai ya ga totuwar masara, an naɗe ta da leda, an cusa ta tam.

Yana zare ta, tanki ya ja iska: fuuu!

"Yaya, ina murfin?"

"Ya faɗi shekaranjiya. Wai sabo dubu biyu! A kan murfi? Ni na toshe shi da hannuna, ko ɗigo ba ya zuba."

"Ai shi ya sa. Murfin yana da 'yar kafar iska. Kin toshe mata hanci, ta yaya za ta sha mai?"

Tabawa ta karɓi totuwar ta yar, ta shiga mota.

Mota ba ta sake tari ba har kasuwa. Amma manyan motoci sun tafi. Dillali ɗaya ya rage, ya ɗaga kwandon da ta sa wa dubu goma sha takwas, ruwa ya bi masa hannu.

Ya ce, "Dubu shida."

Ta buɗe baki za ta yi ciniki, ta dubi kayan, ta haɗiye.

"Shidan. Kawo."

Darasi: ciniki ba laifi ba ne, ni ma ina yi. Amma abin da ba ki san aikinsa ba, ki tambaya kafin ki ce ya yi tsada.

Ku tura wa duk mai mota a gidanku, musamman wanda ya iya "dabara".