Sista Ba-Haƙori-Ba

Najiba ta fara jin sunan ne a bakin surukarta, Hajiya A'i, kuma ba da yabo aka ambace shi ba. Ɗan Najiba, Amir, ne ya wuni yana zawo, uwar ta ce ko za a kai shi ƙaramin asibitin unguwa. Hajiya ta taɓe baki ta ce haƙori ne zai fito masa, wa zai kwashi yaro ya kai wa Sista Ba-Haƙori-Ba, matar da ko tuntuɓe yaro ya yi sai ta ce a gwada jini.

Sunanta na gaskiya Elizabet, 'yar Billiri ce, ta daɗe tana duba yaran unguwar Kagarawal. Matan unguwa ne suka laƙaba mata sunan, don duk uwar da ta ce haƙori ne, amsarta ɗaya ce: haƙori yana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi, amma ba ya tsotse ruwan jikin yaro. A hannun kakarta ta tashi, shi ya sa ta san halin tsofaffi. In ka kunyata tsohuwa a gaban mutane ba za ta sake dawowa ba, jikanta ma ba za a kawo shi ba.

Washegari Amir ya daina hawaye in yana kuka, idanunsa suka faɗa. Mijin Najiba direba ne, yana kan hanya, ita kuma ba ta iya musu da suruka. Ta goya yaron kawai ta tsaya a bakin ƙofa, kanta a ƙasa. Hajiya ta yi tsaki, ta yafa mayafi, ta ce su je ta ji da kunnenta.

Sista ta tashi ta ba Hajiya kujerarta, ta tambaye ta gajiya da Hausarta mai ɗan karkata.

"Hajiya, me kika yi wa angon naki ya rame haka?"

"Rowa gare shi, ko kuɗin cefane ba ya bayarwa. Haƙori ne dai, Sista."

Sista ba ta musa ba. Ta ce lallai ga haƙorin nan ya leƙo, amma idonta ya fara rauni, Hajiya ta taimaka ta ɗan tsunkuli fatar cikin yaron ta saki. Hajiya ta tsunkula. Fatar ta tsaya a tattare, ba ta koma da wuri ba. Ta shafa maɗigarsa, ta ji ta loɓa. 

"Yaron nan ya bushe," in ji ta a hankali.

"Kin gani kafin ni, Hajiya."

Aka gwada jininsa, babu zazzaɓin cizon sauro. Sista ta kaɗa ruwan gishiri da sukari, ta miƙa wa Hajiya cokali, ta ce Najiba ta ci gaba da ba shi nono, in kuwa ya ƙi sha ko ya yi laushi, babban asibiti za a wuce. Hajiya ta zauna tana ba shi kaɗan-kaɗan, tana yi masa tsiya. Kafin la'asar ya jiƙa mata zane da fitsari, ta yi ta hamdala.

Tun daga ranar, a gidan suna ko biki, Hajiya kan ba da labarin yadda ita ce ta gano ciwon jikanta, Sista tana tsaye ba ta lura ba. Har tana koya wa tsofaffi tsunkulin fata. Najiba kuwa, da yake ita ake tambaya duk abin da ya faru a gidan, abin ya tsaya mata a rai. Da ta kai Amir rigakafi ta faɗa wa Sista, ta ce za ta bayyana gaskiya.

Sista ta yi dariya, ta ce tsofaffi uku ne suka kawo jikokinsu a watan nan, kowace ta riga ta tsunkula tun daga gida. Sannan ta riƙe hannunta.

"'Yata, abu ɗaya nake roƙonki. In Hajiya tana ba da labarin nan, kada ki gyara mata."