Ranar da Na Hana Arɗo Magana

A ƙauyenmu, kusa da Maruda, tun kafin zuwan Nasara mutum biyar ke fid da sabon mai gari idan na kai ya rasu: liman, sarkin noma, dattijan unguwanni biyu, da arɗon Fulanin da ke zaune a bayan gari. Ba a tashi sai bakin kowa ya zo ɗaya, ko da za a yi mako ana zama. Ni na gaji mazaunin dattijon unguwarmu daga mahaifina, ina ɗan shekara arba'in.

Da tsohon mai gari ya rasu, mutum biyu suka fito nema. Akwai ƙanensa, mai sanyin hali, wanda ya daɗe yana sasanta manoma da makiyaya a kan burtali. Akwai kuma babban ɗan marigayin, mijin ƙanwata. Ni da sarkin noma muna son ɗan, liman da arɗo suna son ƙanen, ɗaya dattijon kuwa ya kasa tsayawa wuri guda.

A kwana na uku manzon uban ƙasa ya zo daga Gwandu, ya ce ana son suna kafin Juma'a. Nan na ga hanya. Na ce tunda lokaci ya ƙure, a bi inda mutane suka fi yawa. Na ƙara da cewa bai kamata a saka arɗo a ciki ba, domin mutanensa da rani tafiya suke yi, ba mazauna ba ne. Na san ƙarya nake yi. Rugarsu ta girmi rijiyar unguwarmu.

Arɗo ya dube ni ya ce, "Ɗana, shekara talatin na zauna kusa da mahaifinka a kan wannan tabarma, bai taɓa kirana baƙo ba."

Ya ɗauki sandarsa ya fita. Ɗaya dattijon nan ya koma wajenmu, aka aika da sunan surukina.

Bayan girbi Fulani ba su shigo da shanu gonakinmu ba kamar yadda aka saba. Suka kwashe suka koma fadamar Kalgo, wajen Diggi. Gonaki suka rasa taki, gero ya ragu. Surukina ba mugu ba ne, amma rabin gari ba sa zuwa zaurensa, duk mai ƙara sai ya nufi gidan liman. Cikin shekara ta uku uban ƙasa ya sauke shi, ya turo mana wani bafadensa. Wannan karon ba wanda ya tambaye mu. Da na je ina yi wa liman ƙorafi, sai ya ce ai ni na nuna musu ana iya naɗi ba tare da an ji kowa ba.

Wata damina na yi takakkiya har Kalgo don in nemi gafarar arɗo. Na same shi ya tsufa ƙwarai, ba ya gani sosai, amma ya gane muryata. Ya sa aka kawo mini nono, ya tambayi lafiyar ƙanwata da ta 'ya'yanta. Na zauna har la'asar ina neman bakin maganar, na kasa. Muka yi hirar ruwa da ciwon shanu, na yi sallama na kamo hanyar gida. Bai kai kaka ba ya rasu.