Ntate Lebusa, Mai Hitar Kamfaninmu

Na shiga ɗakin maɓalli da ɗaurin wanduna a kafaɗa, sai na ji keken ɗinki ɗaya yana ta gudu ba tsayawa. Duk wanda ya yi aiki a kamfanin ɗinki ya san keke ba ya haka, yana gudu ne yana hutawa. Keken Mme Mapuleng ne, wato Mama Mapuleng, ƙanwar mahaifiyata. Ƙafarta na kan feda, kanta a kife kan tebur, bargonta ya zame ƙasa.

"Mme, tashi mana, mai duba aiki na tafe," na ce, har da 'yar dariyata. Na taɓa kafaɗarta, sai ta sulale gefe guda. Matan da ke kusa suka ɗago suna kallona da ido irin na masu maye. Ɗaya ta yunƙura za ta taimaka, gwiwoyinta suka ƙi ɗaukarta. A nan tsoro ya kama ni, kuma har yau bai sake ni ba.

Wanda ya jawo mana wannan shi ne Ntate Lebusa, wato Baba Lebusa, mai kula da hitocin gas masu ɗumama kamfaninmu a Thetsane, unguwar masana'antu ta birnin Maseru. A duwatsun Mokhotlong aka haife shi, ya yi kiwon tumaki, da ya tasa ya tsallaka iyaka zuwa Welkom haƙar zinariya kamar sauran mazan ƙauyensu. Da aka rage ma'aikata ya dawo Maseru da tari, da hular kwano, da labarin da ba ya ƙarewa. Gadi aka fara ba shi a bakin ƙofa. Wata shekara wani bakanike ya zo daga Bloemfontein ya rataya hitoci a rufin kamfani, aka ce Lebusa ya riƙe masa tsani. Iyakar karatunsa na hita ke nan. Da mai kamfani ya lura mai riƙe tsani ya fi bakanike arha, sai aka miƙa masa sukuddireba da mabuɗin kejin tukwanen gas, aka daina kiran na Bloemfontein.

Daga ranar nan, tafiyarsa ma ta canza. Hular kwanon nan da fitilarta ta mutu tun ban shiga firamare ba, ba ya cire ta ko a wurin cin abinci. Daga watan Mayu zuwa Agusta, lokacin hunturun ƙasarmu, babu wanda ya kai shi daraja a Thetsane, shi ma ya sani. Kowace hita tana da fukafukan ƙarfe a bakinta, inda ka juya su nan iska mai ɗumi take bi, kuma shi kaɗai ke da izinin hawa tsani. Sai ya mayar da abin sarauta. Wadda ta kawo masa makoenya, fanken ƙasarmu, masu zafi da safe, ɗumi ya bi layinta. Wadda ta yi masa tsiwa ta wuni tana hura yatsu.

"Ntate, mun daskare fa! Ko sai mun zama kifin firji za ka hau tsanin?"

"Ku 'yan Maseru me kuka sani game da sanyi? Ni da na kwana da tumaki cikin ƙanƙara da bargo ɗaya!"

"To tumakin ne suka ɗumama ka, mu wa zai ɗumama mu?"

"Ki tambayi mijinki, Mme. Ni hita aka ɗauke ni in kula da ita."

Haka ake yi kullum, a yi ta shewa, sannan ya hau tsani a hankali kamar mai hawa mumbari.

Ɗakin maɓalli ƙarami ne, rufinsa a ƙasa-ƙasa, hita ɗaya ce a ciki. Nan ake ajiye manyan mata waɗanda suka daɗe a aiki, kuma kujerar da ke ƙarƙashin hitar ta wadda ta fi kowa daɗewa ce. Bana ta faɗo kan Mme Mapuleng. Ita ta nema mini aikin duba ɗinki bayan na gaji da yawo da takardar digiri ofis-ofis, a ɗakinta nake kwana, tukunyarmu ɗaya. Ta iya suya, tana kuma tausayin Lebusa don matarsa ta rasu. Saboda haka fukafukan hitar nan kanta suke kallo tun farkon sanyi.

Babban abin alfaharin Ntate Lebusa shi ne kansa. Ya ce a ƙarƙashin ƙasa ya koyi gane muguwar iska, tun kafin na'urar turawa ta yi ƙara shi gefen kansa na hagu ya fara sarawa. Ya ce ya taɓa fitar da ayarinsu duka daga rami da wannan baiwa. Yawan mutanen da ya ceta yana ƙaruwa ne gwargwadon yawan masu sauraro. Akwai wata 'yar na'ura fara a bangon ɗakin maɓalli mai kuka in iska ta ɓaci. Ta dame shi da tsuwa, ya zare mata batir ya sa a rediyonsa.

"Wannan abin wasan yara ne," in ji shi, yana ƙwanƙwasa hular kwano. "Ga na'ura nan, Allah ne ya ƙera ta."

Da sanyi ya tsananta a Yuli, hitar ɗakin ta fara kashe kanta. A kunna, ta yi ɗan aiki, ta mutu. Yanzu na san dalili: in hayaƙi ba ya fita ta bututu yadda ya kamata, akwai makunnin da ke yanke gas. Hitar tana iya ƙoƙarinta ne ta cece mu. Shi kuwa Lebusa raini ya ɗauka. Ya hau ya yi ta tsaki, ya sauko ya yanko guntun waya, ya sake hawa. Tun daga nan ba ta ƙara mutuwa ba. Matan suka yi masa guɗa. Da suka ce iska na shigowa ta ramukan bango, ya kwaso ƙyallayen jins ya cusa a kowane rami, har da ƙarƙashin ƙofar baya.

Na taɓa ce masa, "Ntate, wutar nan da shuɗiya ce, yanzu ta koma ruwan ɗorawa. Lafiya kuwa?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ausi, 'yar'uwa mai digiri, a jami'ar taku har launin wuta ake koyarwa? Je ki ƙirga maɓalli. Ran da kaina ya sara zan aiko a kira ki."

Matan ɗakin kuwa kansu ya yi mako yana sarawa. Suka ce mura ce, suka ce ido ne ya gaji. Mme Mapuleng takan dawo gida ta kasa cin papa, tuwonmu na masara, ta kwanta da takalmi.

Ranar da abin ya faru ban san yadda muka fitar da su ba. Na tuna ihuna, na tuna maza daga wurin yankan yadi sun ɓalle ƙofar baya, mun shimfiɗa mata a kan ciyawar da raɓa ta daskare a kanta. Wasu na amai, wasu na kuka. Mme Mapuleng ba ta yi ko ɗaya ba. Sai ga Ntate Lebusa daga bakin ƙofa yana tafe yana taunar abu, maiƙo a leɓensa.

"Ku kwantar da hankali, ba gas ba ne," ya ce. "Ban daɗe da fita daga ɗakin nan ba, kaina lafiya ƙalau."

Mme Matumo, wadda ke zaune kusa da ƙanwar mahaifiyata, ta ɗago daga inda take durƙushe. Muryarta ba ta fita sosai, amma kowa ya ji.

"Wane kan? Wanda kake ɗura wa garin maganin ciwon kai kowace safiya? Ba ni kake aika in sayo maka ba, tsohon banza?"

Ashe tun da ya baro rami haƙori ke damunsa, ba ya fara aiki sai ya kaɗa ƙunshi biyu a shayi. Na'urar da Allah ya ƙera, shi da hannunsa yake kashe ta tun kafin ya hau tsani. Bai ma daina taunar ba.

Washegari mai kamfani ya tuna da lambar bakaniken Bloemfontein. Mutumin ya zaro sheƙar tantabaru da curin audugar jins daga bututun hayaƙi, ya ciro guntun wayar ya ɗaga sama yana tambayar wane mahaukaci ne ya yi wannan. An ce Lebusa ya amsa da cewa matan ne suka matsa masa da kukan sanyi. An dakatar da shi. Mai kamfanin da ya ba mai riƙe tsani sukuddireba yana nan a ofishinsa, da tasa hitar mai aiki da lantarki.

An sallami sauran matan daga asibiti. Mme Mapuleng tana ciki, da robar iska a fuskarta. Likita ta ce ko ta farka sai an ga abin da hayaƙin ya bari a ƙwaƙwalwarta. Na kira 'yarta Puleng, tana hanya daga Mafeteng. Ina zaune a benci a bakin ɗakin, duk ƙofar da aka buɗe sai na miƙe. Ba ta farka ba tukuna. An ce mu jira zagayen likita na yamma.