Jirgi Mai Naɗe Fukafuki

A shekarata ta biyu a Greensboro ta Amurka kamfanin kula da tsofaffi da nake wa aiki ya tura ni wani gida a Summerfield. Tsoho ne Bature, ya haura tamanin, shi kaɗai a gidan da ya gina da matarsa marigayiya. Tun ranar farko na soma ce masa Baba, bai hana ba. 'Yarsa da ke zaune a wata jiha mai nisa ta gaya mini a waya ƙiri-ƙiri: muddin hankalinsa na nan zai zauna a gidansa, ranar da ya soma ruɗewa kuwa sai gidan tsofaffi. Shi ma ya san da zancen, kuma ba abin da yake tsoro a duniya kamar wannan.

Kullum in zan tashi akwai takardar da nake cikawa. Ya ci abinci? Ya sha magani? Can ƙasa akwai gurabe biyu, ɗaya na "yana cikin hankalinsa", ɗaya na "ya ruɗe". Rubutun Ingilishina a lokacin abin tausayi ne, lakwal, wato makarantar Faransanci, na yi a Damagaram, don haka alama kawai nake sawa in kama gabana.

Baba akwai surutu. Ina wanke-wanke yana ba ni labarin yaƙin duniya na biyu, wai yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai yake tuƙa ƙaramin jirgin yaƙi. Wannan na yarda. Sai ya ce ai ba daga ƙasa suke tashi ba, daga bayan jirgin ruwa ne a tsakiyar teku, kuma sai jirgin ruwan ya juya ya fuskanci iska kafin su tashi. Na ce to. Ya ce in an tashi, da hannu ake shigar da tayoyin, a yi ta murɗa wani mariƙi kusan sau talatin, ɗayan hannun na riƙe da jirgi. Har gwada mini yake yi daga kan kujera, sai ka ce mai murza injin taliya. Wajen sauka kuma, wai akwai ƙugiya a wutsiyar jirgin da take cafke igiyar ƙarfe, wani mutum na tsaye da faifai biyu yana nuna maka ka ɗaga ko ka sauke. In ka sauka, sai samari su zo su naɗe fukafukan jirgin su kwantar da su a jikinsa.

A nan ne na ce a raina, kai, Baba ya tafi. Jirgi ne ko kaza? Ni da ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin da ya kawo ni, na yanke hukunci a tsaye, da soso a hannu. Ranar na sa alama a gurbi na biyu.

Da na ba maigidana labari ina dariya, bai yi dariya ba. Ya ce, "Hajiya, akwai fa irin wannan jirgin ruwan, na gani a talabijin." Na taso masa. Na ce, "Malam, kai da tasi kake ja, yaushe ka zama sojan ruwa? Ka taɓa ganin jirgi da ƙugiya a gindi?" Ya ƙyale ni, don ya san halina. Wallahi bakina ya sha ja mini, amma bai taɓa ja mini irin wannan ba.

Wata uku, duk ranar da Baba ya ɗauko zancen jiragensa sai in sa alamar. Ban taɓa rubuta abin da ya faɗa ba, kuma ba wanda ya tambaye ni. Nas ɗin kamfani ta tara takardun ta aika wa 'yar. Da aka zo gwada hankalinsa ya fusata, ya ƙi amsa tambayoyi, ya ce su fita masa daga gida, wannan ma aka haɗa a kai. Ranar da aka tafi da shi gidan tsofaffi ba na aiki.

Bayan sati biyu 'yar ta roƙe ni in taya ta kwashe kaya. A ƙasan kabad na ci karo da kwali cike da hotuna. Ga jirage jere a kan jirgin ruwa, fukafukansu a naɗe. Ga mai faifai biyu. Ga wani saurayi siriri yana dariya, hannunsa a kan ƙugiyar. Innalillahi! Na zauna daɓas a ƙasa.

Na gaya wa 'yar komai, ban rage ba. Ta ce tun tana yarinya take jin labaran nan, da ta san su ne ruɗewar da ba ta sa hannu a tafi da shi ba. Na ce to a mayar da shi mana. Ta ce an riga an sayar da gidan.

Sai da na yi wata guda kafin na iya zuwa duba shi. Ɓangaren da aka sa shi ƙofarsa a kulle take, sai ma'aikaciya ta buɗe maka. Ya rame. Yana ganina fuskarsa ta washe, ya kama hannuna da hannu biyu, ya juya wajen ma'aikaciyar ya ce, "Yawwa, ga wadda za ta gaya muku lafiyata ƙalau. Ita kaɗai ce take saurarona."

Na ce mata gaskiya ne, hankalinsa garau yake. Ta yi mini murmushin da ake yi wa 'yan ziyara, ta ce lokacin shan maganinsa ya yi. Kunya ta hana ni gaya masa ko wace ce ta sa alamar, har ya rasu ban gaya masa ba.