Batiran da Kakata Take Shanyawa

Tun jiya na kasa zama wuri ɗaya. Ina share ɗakin da nake ɗaukar waƙa a Birnin Kudu na tsinci wani mataccen batir, sai kakata ta faɗo mini a rai.

A gidanmu na Dingaya ba a yar da batir. Takan shanya su a rufin kwano, ta ɗan ciccije su, don su kai mu wasan barkwancin bayan la'asar. Wata rana ana tsaka da dariya rediyon ya shaƙe, ya yi shiru. Na fashe da kuka.

"Haba maigida, kuka a gaban matarka?" in ji ta. Ta kife ƙwarya ta hau kiɗa, ta ƙarasa wasan da bakinta. Ita ce mai ƙara, ita ce alƙali, ita ce akuyar da ake shari'a a kanta.

Yanzu abokan aikina sun dame ni in cire raha daga waƙoƙina, wai an daina yayinta. Na gwada, waƙar ta ƙi tashi. Ina suka san a gindin ƙwaryar nan kunnena ya buɗe?

Allah ya haskaka makwancinki, Inna, ya faranta miki yadda kika share mini hawaye ran nan.